Suna Ɗaya Cikin Ɗari Huɗu

Karo na uku ke nan likita yana kiranta: mijinta na buƙatar jini yanzu, kuma irin nasa yana da wuyar samu.

Tana zaune a zauren gidansu na Birnin Zazzau, kwamfuta a cinya. Ita ta rubuta wa ƙungiyar masu ba da jini ta unguwa manhaja, mutum ɗari huɗu na cikin fayil. Ta umarci manhajar ta fito da masu irin jininsa. Allon ya zubo lambobi da haruffa marasa ma'ana, ba suna ko ɗaya.

Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Can ta gano ba ta faɗa wa manhajar abin da za ta nuna game da kowane mutum ba. Ta ƙara mata layi biyu na umarni, suna da lambar waya.

Suna ɗaya ya fito. Yayanta ne, wanda ya ƙi halartar aurensu, shekara bakwai ko gaisuwa babu.

Ta kira. "Yaya, ni ce. Maigidana ne, jini ake nema."

"Wane asibiti?" ya ce.

Kafin ta amsa, ta ji yana tayar da babur.