Magini da Gidan Gara

Tunda ka ce tarin iyalinka ya ƙi jin magani, bari in ba ka wani misali, ka tafi da shi gida ka juya shi a ranka.

An yi wani magini a wani ƙauye, gwanin ginin rumbu. In ya yaɓe rumbu, ɓera ba ya samun hanya, ƙwaro ba ya samun hanya, hatsi ya shekara a ciki kamar jiya aka zuba shi. Mahaifiyarsa kuwa daddawa ce sana'arta, kuma ka san kalwa sai ta wuni a kan wuta kafin ta yi laushi. A ƙarƙashin wata tsohuwar rumfa take dafawa, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta. Tausayinta ya kama shi, sai ya gina mata ɗakin girki da irin hannun da yake gina rumbu, bango mai kauri, babu taga, ƙofa 'yar ƙarama da asabari. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka. Ba a jima ba ta fara tari. Idanunta suka yi ja suna zubar da ruwa, in ta yi kaki sai a gan shi baƙi kamar bayan tukunya. Ya nemo zuma, ya nemo citta da masoro, ya kai ta asibitin gari. A can ta ji sauƙi, tana dawowa gaban murhu tari ya dawo. Sai ya ce lalle sanyi ne ke shigar mata. Ya bi ɗakin nan kusurwa kusurwa, duk inda ya ga 'yar tsaga ya cika ta da laka. Yana toshewa tana ramewa, har ta kai ba ta iya ƙetare tsakar gida sai ta dafa bango ta huta, salla ma a zaune take yi.

Wata safiya ya ɗauki dagi ya nufi daji, don ya ɗebo ƙasar suri, wadda ta fi kowace ƙasa danƙo, ya rufe ɗan abin da ya rage tsakanin bango da rufi. Ya sami wani suri da ya fi shi tsawo. Ya kai masa sara, gefe guda ya ɓalle, sai ya tsaya da dagi a hannu. Abin da yake ɗauka dunƙulen ƙasa ne, ashe cikinsa hanyoyi ne sun sarƙe, wasu sun yi sama, wasu sun gangara ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kowace an shafe cikinta sumul kamar da tafin hannu. Ya ɗora hannunsa a bakin wani rami da ke can saman surin, ya ji wata iska mai ɗumi tana fitowa a hankali, kamar numfashin saniya. Ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa da inda ya fasa, ya ji sanyi mai daɗi, babu wari, babu ƙunci, alhali dubban rayuka ne cunkushe a ciki. Ya tsinko ɗan furen ciyawa ya saki a bakin ramin sama, furen ya yi sama ya tafi.

Nan ya zauna a ƙasa. Ga gara, halittar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ba ta da ido, ba ta taɓa zama gaban wani gwani ta koyi gini ba, amma Wanda ya halicce ta ya sanar da ita cewa gidan da mai rai zai zauna sai ya yi numfashi. Yana kallo suka fito jere da laka a baki, suna gyara inda ya ɓarnata, ba su taɓa hanyoyin iskar ba. Ya tuna shi hatsi ya saba yi wa ɗaki, hatsi kuwa ba ya tari. Ya daɗe yana tasbihi kafin ya iya miƙewa.

Ya koma gida da kwandonsa wayam. Ya hau bangon ɗakin girki ya huda shi can sama kusa da rufi, ya sauko ya fasa taga a ɗaya gefen, ya yaye asabarin. Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, lafiya kake rushe abin da ka gina?" Ya ce, "Inna, fito ki gani." Suka tsaya a tsakar gida, ga hayaƙi yana tuƙo kansa ta hudar nan, baƙi ƙirin, yana ta fita ba ya ƙarewa. Ta riƙe baki ta ce, "Duk wannan a ƙirjina yake sauka?" Tarin bai bar ta gaba ɗaya ba, don abin da ya daɗe yana shiga ba ya fita rana ɗaya. Amma kafin kaka ta koma salla a tsaye, ta kuma kai daddawarta kasuwa da ƙafarta.

Maganin da ya yi ta nema gari gari yana nan kewaye da ɗakin, bango kawai ya raba su, shi kuma yana ƙara wa bangon kauri. Shi ya sa Bahaushe ya ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.