Watakilan Da Na Saya

"Ga zabi biyu na kawo maka," na ce wa tafinta a bayan asibiti, a Anka. "Duk abin da likita ta faɗa kan jikana, ka ce wa uwarsa watakila. Shi kaɗai ya rage mata."

"Baba, ko da alheri ne?"

"Wa ya taɓa ganin alheri a gubar dalma? Karɓi."

Ban yi boko ba, amma na daɗe ina kai shanu Ikko, can na koyi auna Turanci. In mai saye ya ce "maybe", kada ka kwance igiya. In ya ce "probably", sassauta ta. In ya ce "definitely", sanka ya tafi, ba dawowa.

Likita ta duba idon yaron, ta yi dogon Turanci ta cikin takunkumi. Duk ya wuce ni kamar gulbi da damina, sai kalma ɗaya ta maƙale: "definitely".

Tafinta ya kalle ni, ya juya wurin 'yata. "Ta ce watakila."

"Alhamdu lillahi, Baba," in ji 'yata. "Ai watakila ma rai ne."

Tabbas zai tashi, ko tabbas zai bi yayyensa? Ga tafinta can bakin ƙofa, amma ban je na tambaye shi ba.

Shi ya ci zabi. 'Yata ta sami abin lallashin zuciyarta. Ni da na ƙulla cinikin, na tashi da tabbas a hannu, ban san na mene ne ba.