Ranar da Jan Biro Ya Gyara wa Shugaba Turanci

Tun kafin shugaban majalisar gari ya kai ƙarshen shafin farko na jawabinsa, Malam ya fara jan tsaki.

Tsohon malamin Turanci ne. Ya yi ritaya, amma har yau Jan Biro unguwa take kiransa. Mutum ne da zai tsayar da mai kanti a tsakiyar ciniki don ya gyara masa rubutun allon shagonsa. Labaran siyasa kuwa ba a jin su cikin kwanciyar hankali a gidansa. Ɗan siyasa na buɗe baki a rediyo Malam zai ja tsaki, ya doki tebur har cokula su yi tsalle. 'Ya'yansa sun haddace kalmomin da ke tayar masa da hawan jini fiye da yadda suka haddace karatunsu.

Abin da ya kawo shi zauren majalisar ba wasa ba ne. So ake a rushe makarantar unguwarsu, wadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa a cikinta, a zuba shaguna a wurin. In aka rushe ta, jikokinsa da sauran yara sai sun tsallake babban titi kullum, titin da ko babba sai ya yi addu'a kafin ya sa ƙafa. Ƙa'idar zaman a fili take: da Turanci ake yi, kowace unguwa mutum ɗaya ne zai yi magana, in kuma ƙararrawa ta kaɗa bai furta cewa ba su yarda ba, to rubutawa za a yi sun yarda.

A taron unguwa wani tela ya so a tura ungozomar unguwar, ya ce Turancinta na asibiti ya isa a ce a'a. Autar Malam ta ce haba, ga Baba a zaune a tura wani? Kowa ya ga gaskiyarta. Da safe ita ta goge masa riga, ta ce ya nemi kujerar gaba don kada wata magana ta wuce shi, sannan ta tafi wurin aikinta na buga takardu.

Ai kuwa ba abin da ya wuce shi.

Shugaba ya so ya ce jama'a sun amince, sai ya ɗauko wata kalmar Turanci mai kama da ita da ke nufin ƙidayar jama'a. Ya so ya ce mazaɓarsa, sai ya ce kundin tsarin mulkinsa, wai a can aka haife shi. Da ya zo kan doka kuwa, sai ya kira ta da kalmar gunki, ya rantse majalisa ba za ta taɓa saɓa wa gunkin ƙasa ba. Tir! Mutum da babban ciki da agogon zinare, amma bai san bambancin murabus da tsigewa ba. Duk kuskuren da ya yi sai ya ɗago kai ya dubi layin gaba, ya gyara zaman tabarau, ya ci gaba.

Abin da ya fi ƙona wa Malam rai shi ne tafin da ake yi. Manyan mutane, wasu ma ta hannunsa suka bi, suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ya ji kamar ya tofar da yawu a kan darduma.

Aka kira unguwarsu. Ya miƙe da kalmar a'a a kan harshensa. Ya ce a ransa guda ɗaya kawai zai gyara, ta gunkin nan, don ita ba ta haɗiyuwa.

Ya gyara ta. Zaure ya fashe da dariya, dariyar ta yi masa daɗi. Shugaba ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama, ya ce cikin ladabi, “To Malam, ita kuma ta mazaɓar fa, yaya take?”

Shi ke nan, an taɓo shi inda yake yi masa ƙaiƙayi. Ya koma aji. Ya rarrabe mazaɓa da kundi, ya kawo misalai, ya sa shugaba ya maimaita har sau biyu. Daga bayan zaure tela yana ta ɗaga hannu yana nuna agogon bango, Malam ya ɗauka jinjina yake yi masa.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Magatakarda ya karanta ba tare da ya ɗago ba: unguwa ba ta nuna rashin amincewa ba. Aka buga guduma.

Ba wanda ya zage shi, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Ungozoma ce kawai ta tsaya a gabansa ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, “Sannu da aiki, Malam. Yaranmu sa tsallake titi da Turanci mai kyau.” Kunya da ƙyamar kansa suka rufe shi.

Ya bi ta baya zuwa ofishin shugaba, ya ƙudurta ko durƙusawa ce zai yi a sake ba shi dama. Ƙofar ba a rufe take sosai ba. Shugaba yana waya da wanda zai gina shagunan, da wani Turanci tsab wanda ko jan biron Malam ba zai sami wurin sauka a kai ba. Ya ajiye wayar, ya kece da dariya, ya ce wa wanda ke ciki, “Wallahi na zaci tsohon zai gane. Wannan jawabi da aka tsara mini ya yi aiki.”

“Ai na faɗa maka, ranka ya daɗe,” in ji muryar autarsa, “ko gidanmu ne ke cin wuta, Baba ba zai bar kuskure ya wuce ba.”