Addu'ar da Ta Kashe Wutar Mai Waina

'Yata, tun da an ba ki jagorancin addu'a a zumuntar mata, zauna in ba ki wani misali kafin ki fara.

A wani gari an yi wata mai waina a bakin tasha, da sana'ar nan take ci da 'ya'ya huɗu. Sai mijinta ya kamu da tarin fuka. Aka ɗora shi kan magani, aka ware masa ɗaki da kwanonsa, ita kuma aka gwada ta aka ce lafiyarta ƙalau. Ba ta faɗa wa kowa ba sai aminiyarta, wata tela da suke zama benci ɗaya a majami'a. Ta ce mata, "Yaya, ki riƙa sa mu a addu'a, amma ya tsaya tsakaninki da Ubangiji." Telar ta amsa har da hawaye. To, ita telar Allah ya ba ta baki. In ta fara addu'a, mai gyangyaɗi ma sai ya farka, ta kuwa san da haka, tana kuma jin daɗinsa. Ran Alhamis a taron mata aka ce ta rufe da addu'a. Ta shiga yi wa marasa lafiya roƙo, amin na ta ƙaruwa, daɗi ya kwashe ta. Sai ta kama sunan mijin mai waina, ta faɗi ciwon, ta faɗi har jinin da yake tofarwa, ta rufe cikin sunan Yesu. Mata wajen sittin suka ce amin. Da aka buɗe ido, mai waina na kallon ƙasa, wadda ke kusa da ita kuma ta ɗan ja zanenta gefe.

Ba wanda ya zagi mai waina, ba wanda ya kore ta. Ciniki ne kawai ya ɗauke. Direbobi suka koma wajen mai shayi, iyaye suka daina aiko da kwano. Kullum sai ta hura wuta ta zauna, ƙullu ya yi tsami a roba, da yamma ta juye wa awaki. Hankalin telar ya tashi, ta shiga bi gida gida tana cewa ai matar ba ta ɗauke da komai. Duk gidan da ta shiga da wannan bayani, sai ta bar wanda bai ji ba ya ji. Kafin wata biyu mai waina ta kwashe yara da majinyacin suka koma ƙauyensu. Allah ya ba shi lafiya a can, amma yaran sun bar makaranta, ita kuma ta koma surfe a gidajen mutane.

Bayan shekara telar ta shiga mota ta je ƙauyen, ta durƙusa a tsakar gida. Mai waina ta ɗaga ta, ta kawo mata ruwa, ta ce, "Na yafe miki tuntuni, Yaya. Amma da kin gaya wa Allah shi kaɗai, ai yana ji." Telar ta roƙe ta su dawo gari, mai waina ta girgiza kai. Telar ta koma ita kaɗai, har ta tsufa kuma benci bai sake haɗa su ba.

Ko ƙarya ɗaya telar nan ba ta yi ba, 'yata, ba ta kuma nufi mugunta ba. Ta sami gafara, amma ba ta iya mayar da abin da ta faɗa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.