Awarar Iya Mal-sun

"Iya, dubi takardar nan mana," in ji Deok-su mai shago, yana nuna bango. "Ba na karɓar katin banki sai cinikin ya kai won dubu goma. Kullum awarar dubu ɗaya da ɗari biyar! Masu katin su yanki nasu, ni in ci me?"

Tsohuwa Mal-sun ta damƙe katinta. "Ɗan nan, ka bar ni yadda na saba."

"Ki haɗa na mako guda, ki huta da hawan tudun nan. Gata nake miki."

A ƙarshe ta sayi guda bakwai. Tun daga ranar, sai Litinin yake ganinta.

Bayan wata biyu motar asibiti ta hau unguwar, ta sauko ba jiniya. Kwana biyar, aka ce, tsohuwar tana kwance a ƙasan kicin ba wanda ya sani.

Bayan jana'iza ɗanta ya shigo shagon, ya rusuna.

"Ni ke da katin da take sayayya da shi," ya ce. "Shekara shida ba ma magana. Amma kowace safiya saƙo kan shigo wayata cewa an yi sayayya a shagonka. Da haka nake sanin ta tashi lafiya. Sai ya koma mako-mako, har na saba da shirun. Kai da kake ganinta, don Allah, me ya canza ta?"

Deok-su ya matsa a hankali, ya tare takardar bangon da bayansa.