Wa Ya Taɓa Lasifikar Cleophus?

"Wane ɗan iska ne ya taɓa mini lasifika?"

Cleophus Baines ya katse gwajin kiɗan da suke yi, jita rataye a wuyansa, yana huci. Saura awa biyu jama'a su shigo, kuma shi ne zai buɗe jerin wasannin da aka shirya wa tsofaffin makaɗan Shikago masu kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da hawa dandamali irin wannan.

"Babu wanda ya taɓa ta, Mista Baines," in ji Vernita, mai shirya wasan.

"Ƙarya kike! Da hannuna na tsaga takardar da ke cikin lasifikar nan da reza tun ba a haife ki ba, don ta riƙa yi mini gurnani mai daɗi. Yanzu ji ta, kamar ana yanka akuya cikin gwangwani! Ko a fito da wanda ya lalata ta, ko in tafi gida."

Odell mai ganga, abokin kiɗansa na shekara arba'in, ya ajiye sandunansa. Ya taso, ya kai hannu kunnen Cleophus, ya zare na'urar ƙara ji da 'yarsa ta tilasta masa sakawa jiya.

"Kaɗa mu ji."

Cleophus ya kaɗa. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga abata ta dawo!"

Odell ya danƙa masa na'urar a tafin hannu.

"Minti biyar kacal ka ji ta yadda take, kana neman kashe mutum. Mu shekara arba'in muna sha, tsohon banza."