Tawul Ɗin da Bakanike Ya Raina

Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana zuwa Japan sayo tsofaffin injinan mota. Duk wanda ya zo masa sallama zai tafi can, sai ya zaunar da shi ya ba shi wannan misali. Yau ba ya nan, ga ka kuma da fasfo a aljihu, to bari in ba ka yadda na ji.

Wani bakanike ne a Gusau, sunansa Tanimu, ya sami aikin kwance motoci a wani gari na Japan. Shiri kam ya yi shi: rigunan sanyi, bargo mai nauyi, yaji, kuka, daddawa, da akwatin sifanonin da ubangidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. Da sifanonin nan yake cin abinci, ko ƙaninsa ba ya bari ya taɓa su. Ana jibi zai tashi, wani dattijo da ya taɓa zama can ya kira shi ya ce, "Zo in gaya maka halin mutanen nan. In ka tare, ka kai wa maƙwabcinka ɗan tawul ko sabulu, sannan kuma…"

"Tawul, Baba?" in ji Tanimu. "Ni da na zauna Legas, na zauna Kwatano? Ba za a ce Bahaushe ya ƙetare teku ya gai da maƙwabci da tsumman goge fuska ba." Ya kaɗe riga ya yi gaba.

Da ya isa ya kama ɗakin haya, sai ya tarar maƙwabcinsa wani siririn tsoho ne da ya yi ritaya daga gidan waya, shi da matarsa. Tanimu ya kai masa hula mai aikin hannu da kwalbar turare. Tsoho ya karɓa da hannu biyu yana ta rusunawa, fuskarsa kamar wanda aka aza wa buhun gero. Washegari sai ga shi da kankana guda a akwati, an naɗe ta kamar jaririya ranar suna. Tanimu ya ce a ransa, "Iye! Ai a garinmu ba a mayar da kwano wayam." Ya kai takalmin fata, aka kawo masa butar shayi. Ya kai babbar riga, aka kawo ɗan icce a kasko wanda bai kai kamu ɗaya ba. Ya kai rigunan sanyi, aka kawo giyar shinkafa, ya karɓe ta da tsumma yana a'uzubillahi ya tura bayan ƙofa. Ranar da ya kai bargon, ranar sanyin ƙasar ya sauko da iyalansa.

Tsoho kuwa ya koma wuce ƙofar Tanimu da sanɗa, takalmi a hannu. Tanimu na leƙensa yana cewa, "Dubi kawaici! Wata bajintar yake shirya mini." Bai yi ƙarya ba, don ran nan sai ga tsoho rungume da agogon bangon da aka ba shi ranar da ya bar aiki.

Tanimu ya dubi ɗaki, ba abin da ya rage na gida sai akwatin sifanoni. Ya buɗe, ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. In ya bayar, da me zai yi aiki? In ya ƙi, da wane ido zai dubi tsoho? Kunya ta yi rinjaye. Ya naɗe akwati a zanen gado, ya saɓa ya fita idonsa jawur.

A bakin matakala ya yi kiciɓis da matar da ke da gidan hayar, wadda ke jin guntun Turanci. Ta tambaye shi ina zuwa, ya zayyana mata komai. Ta dafe bango don dariya, sannan ta tuna baƙo ne, ta rufe baki da hannu.

"Malam Tanimu," in ji ta, "a nan in an ba ka kyauta, sai ka mayar da kamar rabinta, magana ta mutu. Wanda ya fara ba da kyautar shi ke yin shiru. Kai kuwa kullum sai ka tono ta. Tsohon nan saura tabarau da haƙoran roba suka rage masa. Jiya matarsa ta zo tana tambayata ko ina da ɗaki a wata unguwa."

"To ni ma saura sifana," in ji Tanimu.

Ita ta shiga tsakani. Agogo ya koma bangonsa, bargo ya dawo, akwati bai bar ɗaki ba. Amma tsoho ya ce sai ya rufe zancen yadda aka saba, ya zo da wani ɗan ƙunshi. Hannun Tanimu ya fara ƙaiƙayi, idonsa na neman abin ɗauka. Mai gidan haya ta harare shi, sai ya soke hannuwa a hammata, ya rusuna ya yi godiya kawai. Da suka tafi ya kwance ƙunshin. Tawul ne.

Tsoho ya saurara kwana uku bai ji an ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. A na huɗu ya wuce ƙofar Tanimu da takalminsa a ƙafa.

Abin da dattijon Gusau zai ƙarasa a numfashi ɗaya, sai da Tanimu ya yi wata guda yana karkarwa ba bargo sannan ya koya. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sai da ɗan gari akan ci gari.